Shin mai bin Almasihu zai iya samun farin ciki mai ɗorewa tun a nan duniya?

Malamin Firamare, Kafanchan:

Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga ya fi dacewa in kawo ta gaban waɗanda suka girme ni a shekaru da kuma cikin bangaskiya.

A gidan masu bi aka haife ni, an yi mini baftisma tun ina saurayi, ina cikin ƙungiyar mawaƙa ta ikilisiyarmu, kuma ba na wasa da sujada. Duk lokacin da aka yi taron farkaswa ko babban taron shekara, nakan koma gida zuciyata cike da murna, har in ji kamar babu abin da zai sake tayar mini da hankali. Amma kafin mako ya zagayo sai in tarar murnar ta dusashe, musamman tun daga watan Mayu na 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na hatsi suka wuce abin da albashin malamin firamare zai iya ɗauka. Ranar Lahadi ina tsaye a gaban jama'a ina rera cewa Yesu ya ishe ni, daren Talata kuma ina kwance ido biyu ina lissafin kuɗin makarantar yara da bashin mai shago.

Da na faɗa wa wani abokina halin da nake ciki, sai ya ce rashin farin ciki alama ce ta ɓoyayyen zunubi ko ƙarancin bangaskiya, tun da Manzo Bulus ya umarce mu mu yi farin ciki cikin Ubangiji kullum. A wasu majami'u kuma ana wa'azin cewa ɗan Allah ba ya baƙin ciki, wai idan mutum ya ba da baiko mai tsoka, wato kyautar kuɗi a majami'a, ƙofofi za su buɗe masa, damuwa ta kau. Na bincika zuciyata iyakar iyawata, ban ce ni marar laifi ba ne, amma ban ga wani abu da nake ɓoyewa ba.

Shin farin cikin da Almasihu ya ce ba mai iya ƙwace mana shi, ana samunsa tun a nan duniya, ko kuwa sai mun je wurinsa? Idan ana samunsa a nan, ta wace hanya mutum zai riƙe shi har ya wuce ƙofar majami'a ya bi shi gida?

Tsohon Fasto, Kaltungo:

Ɗana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Tambayarka ba ta marar bangaskiya ba ce, domin wanda bai damu da alkawarin Almasihu ba ba zai hana idonsa barci a kan ko alkawarin ya cika a kansa ba.

Bari mu fara da ayar da abokinka ya kawo maka, wato Filibiyawa 4:4, domin an cika yanko ta ita kaɗai a bar abin da ke kewaye da ita. Bulus yana ɗaure ne sa'ad da ya rubuta wannan wasiƙa, bai kuma san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba. A sura ta 2 ya ba da labarin Abafaroditas, wanda ikilisiyar Filibi ta aiko masa da gudummawa ta hannunsa, ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, Bulus ya ce Allah ya ji tausayinsa ya warkar da shi don kada baƙin ciki ya hau kan baƙin ciki. Ka lura, mutumin da ya ce a yi farin ciki kullum shi ne ya faɗa da bakinsa cewa yana da baƙin ciki. A sura ta 3 ya ce yana rubutu yana hawaye saboda waɗanda suke gaba da gicciye. Ayoyi biyu kacal kafin umarnin nan kuma yana roƙon wasu mata biyu na ikilisiyar, Afodiya da Sintiki, su shirya tsakaninsu. Ashe umarnin ya sauka ne a kan jama'ar da ke da rigima a cikin gida, daga bakin ɗan kurkuku mai hawaye. A 2 Korintiyawa 6:10 ya haɗa su wuri ɗaya, ya ce suna baƙin ciki amma kullum suna farin ciki, a sura ta 1 ta wannan wasiƙa kuma ya ce wahalar da ta same su a Asiya ta kai har sun fid da ran za su rayu. Duk wa'azin da ya ce ɗan Allah ba ya baƙin ciki, sai mai shi ya fara gaya mana ko Bulus ɗan Allah ne, sa'an nan ya gaya mana abin da ya sa Ubangiji kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, ya kuma ce ransa yana shan wahala har kamar ya mutu a Getsamani.

Abin da kake ji a taron farkaswa kyauta ce daga Allah, kada ka raina shi. Sai dai ruwan kududdufi ne, yana cika da damina yana ƙafewa da rani, abin da Almasihu ya yi alkawari kuwa rijiya ce wadda idonta ke ƙarƙashin ƙasa, ba a ganin ruwanta sai an zura guga. Mu Hausawa mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan fanni maganar ba ta cika zama daidai ba, domin na binne tsofaffi masu bi da ba a san su da yawan dariya ba, waɗanda suka fuskanci mutuwa da natsuwar da ni kaina na yi sha'awarta.

Ka duba inda alkawarin ya fito, a Yahaya 16:22. Yesu ya ce wa almajiransa yanzu suna baƙin ciki, amma zai sāke ganinsu, zuciyarsu za ta yi murna, ba kuwa mai ƙwace musu ita. Dalilin da ya sa ba a iya ƙwace ta shi ne an ɗaure ta da abin da ya riga ya faru, wato tashinsa daga matattu, ba wanda kuma zai iya mayar da shi kabari. Farashin masara yana hawa yana sauka, lafiya tana zuwa tana tafiya, amma gafarar zunubanka da zamanka ɗan Allah ba su canza daga Lahadi zuwa Talata ba. Annabi Habakuk ya faɗi wannan da harshen manoma a ƙarshen littafinsa: ko ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya ƙare babu saniya a turke, shi zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Bai ce amfanin gona zai dawo ba tukuna. Ya lissafa asarar ɗaya bayan ɗaya, bai ɓoye ko guda ba, sa'an nan ya faɗi abin da ya rage masa.

Game da masu sayar da farin ciki da baiko, ni dai ba na sassauta musu. Mu da muka tashi a ɗarikar ECWA mun san yadda bishara ta iso mana. Samari uku 'yan mishan ne suka sauka Legas a watan Disamba na 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin shekarar 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo ba tare da ya kafa ikilisiya ko ɗaya ba, sai a 1902 aka samu aka kafa tashar mishan ta farko a Pategi. Idan buɗewar ƙofofin duniya ita ce ma'aunin yardar Allah, to waɗannan biyun sun mutu a banza ke nan, mu kuwa da muke sujada a yau shaida ne cewa ba haka ba ne.

Ka kuma lura da abin da Bulus ya ce a Filibiyawa 4:11, cewa koya ya yi ya zauna da wadar zuci a kowane hali. Abin da ake koya yana ɗaukar lokaci, kai da kake malami ka fi ni sanin wannan.

Mama 'Yar Zumunta, Michika:

Ina gaishe ku Baba Fasto, Allah ya ƙara muku lafiya. Ƙanena Malam, sannu da ɗawainiyar iyali. Baba ya riga ya faɗi tushen magana, ni abin da zan ƙara shi ne inda na ga wannan farin ciki da idona, da kuma hanyar da ya bi ya iso gare ni.

Ni 'yar EYN ce, wato Ikilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fara sujadarta ta farko a gindin tsamiya a Garkida a watan Maris na 1923. Kowa ya san abin da ya same mu a hannun Boko Haram a 2014. A watan Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga makaranta a Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikilisiyarmu ne. A watan Satumba aka shiga Michika muka watse cikin duwatsu, a ƙarshen Oktoba kuma aka kama Mubi da hedikwatarmu da ke Kwarhi, har shugabanninmu suka koma Jos na ɗan lokaci. Ni da yarana mun ƙare a Yola, inda majami'u da gidajen 'yan'uwa suka cika maƙil da masu gudun hijira, har Katolika ma suka buɗe harabar babbar majami'arsu ta Santa Teresa suka karɓi jama'a ba tare da tambayar ɗarikar kowa ba.

A watannin nan ba na iya yin addu'a ni kaɗai. Idan na durƙusa sai bakina ya yi nauyi, in rasa abin da zan ce wa Allah. Amma matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, da muka tsinci juna a can ba su bar ranar taronmu ta wuce ba, ko da yake babu ganga, babu tulun kiɗa, babu kayan Zumunta da muka saba ɗaurawa, sai tafi kawai. Mukan fara waƙa muna kuka, wata ta kasa ci gaba, ta kusa da ita ta ɗauka. Abin da na gane a lokacin shi ne ranar da bangaskiyata ta yi sanyi, ta 'yar'uwata tana da ɗumi, ranar da tata ta yi sanyi kuma ni ce nake rera mata. Ba zan ce muna cikin daɗi ba, domin akwai waɗanda har yau ba su san inda mazajensu suke ba. Amma akwai wani tabbaci da ke sauka a zuciya idan ka ji bakin wadda ta rasa fiye da abin da ka rasa yana cewa Yesu yana da rai, kuma wannan tabbacin bai bar ni ba har muka koma gida muka tarar da kango.

Shi ya sa nake so in tambaye ka, Malam, ranar Talatar nan da kake kwance kana lissafi, wa ya san halin da kake ciki? Ku maza kun cika haɗiye damuwa, ga matanku a gefe ba ku faɗa musu, ga Zumuntar Maza ba ku zuwa sai an matsa muku. Zumunta a ƙafa take. Ka karanta Nehemiya sura 8, inda aka ce farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinmu, ka ga abin da aka haɗa shi da shi. Jama'a suna kuka da suka ji karatun Shari'a, sai aka ce musu su tafi su ci mai daɗi su sha mai zaƙi, su kuma aika wa waɗanda ba su da komai. A cikin taro aka ba da wannan magana, da kwanon abinci da ake kai wa maƙwabci. Ko mudu ɗaya ne ya rage maka, akwai gwauruwa a unguwarku da ba ta da rabinsa, ka gwada kai mata ka ga da wace zuciya za ka dawo.

Ɗan Ƙungiyar Sabon Rai, Zariya:

Ina gaishe da iyayena. Na amfana ƙwarai da bayanin Baba da na Mama, amma ina roƙon a ba ni dama in ɗan tsaya wa abokin Malam, domin kada mu watsar da maganarsa gaba ɗaya. Gaskiya ne ba kowane baƙin ciki ne zunubi ke jawowa ba, littafin Ayuba ya ishe mu shaida, tun da Allah da kansa ya tsawata wa abokansa uku da suka nace cewa laifinsa ne. Amma akwai wanda zunubi ke jawowa. Bayan abin da Dawuda ya aikata game da Batsheba da Uriya, roƙon da ya yi a Zabura 51 shi ne Allah ya mayar masa da farin cikin cetonsa, wato ceton yana nan amma daɗinsa ya tafi. A Zabura 32 kuma ya ce sa'ad da ya yi shiru bai furta laifinsa ba, ƙasusuwansa sun lalace saboda nishi dukan yini.

Yaya Malam ya ce ya bincika bai ga abin da yake ɓoyewa ba, na kuwa gaskata shi. Sai dai mu matasa abin da ya fi cinye mana farin ciki ba manyan zunubai ba ne da kowa ke gani, ƙyashi ne da riƙo. Mutum zai kwana yana duba hotunan sa'o'insa a Facebook, wannan ya sayi mota, wancan ya tare a sabon gida, ya wayi gari yana ganin Allah ya manta da shi. A Yahaya 15 Yesu ya yi maganar zama a cikinsa da kiyaye umarninsa na ƙaunar juna, nan take ya ce ya faɗi haka ne domin farin cikinsa ya zauna a cikinmu, namu kuma ya zama cikakke. Saboda haka biyayya tana da hannu a cikin maganar.

Ma'aikaciyar Jinya, Kaduna:

Gaisuwa ga kowa. Ƙanena na Zariya ya faɗi gaskiya, amma ina so a yi hattara da yadda ake amfani da ita, domin a bakin aikina na sha ganin masu bi da aka yi ta tura su tuba da azumi alhali ciwo ne ke damunsu.

Akwai damuwa ta yau da kullum irin wadda Malam ya kwatanta, akwai kuma ciwon damuwa, wanda cuta ce kamar hawan jini ko ciwon sukari. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye kusan kullum ransa a ɓace, abin da yake jin daɗinsa a da ya daina yi masa daɗi, barci ya ƙaurace masa ko ya yi masa yawa, cin abinci ya canza, ƙarfi ya ƙare, yana ganin kansa ba shi da amfani, to ya kamata ya ga likita. Idan kuwa har tunanin ya kai ga gara mutuwa da rayuwa, ba a jira ko kwana ɗaya, a gaya wa na kusa a tafi asibiti. A nan Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, asibitocin koyarwa na Jos da Zariya ma suna da sashen da ke duba wannan. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba ne.

Nakan tuna wa marasa lafiya labarin Iliya a 1 Sarakuna 19. Annabin da ya ga wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel, shi ne ya gudu jeji ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai fara da tsawa ba, bai kuma fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da waina da tulun ruwa, ya ci ya sāke kwanciya, aka sāke tashe shi ya ci. Sai bayan haka aka yi masa magana, aka kuma gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. A cikin Zabura ma akwai ta 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu ba tare da ko aya ɗaya ta murna a ƙarshe ba, Ruhu Mai Tsarki kuma bai ga ya kamata a cire ta ba. Mai bi yana da izinin yin irin wannan addu'a.

Malamin Firamare, Kafanchan:

Na gode ƙwarai iyayena da 'yan'uwana, Allah ya sāka muku da alheri. Anti, alamomin da kika lissafa ban kai can ba, ina cin abinci ina kuma jin daɗin aikina da yara, amma na riƙe su saboda wani abokin aikina da nake ganin ya kamata in zauna da shi. Mama, amsar tambayarku ita ce babu wanda ya sani, har da mai ɗakina.

Baba, saura abu ɗaya. Idan na tsaya ranar Lahadi ina rera waƙar murna alhali zuciyata a cunkushe take, shin ba munafunci nake yi a gaban Allah ba? Wani lokaci nakan ji kamar in ajiye aikin mawaƙa har sai na samu sauƙi.

Tsohon Fasto, Kaltungo:

Kada ka ajiye, ɗana. Munafuki shi ne mai faɗin abin da bai gaskata ba don mutane su yabe shi. Kai kuwa ka gaskata abin da kake rerawa, jinsa ne kawai ba ka yi a wannan rana. Mai Zabura ta 42 yana tambayar ransa dalilin da ya sa ya karai, yana kuma umartarsa ya sa zuciya ga Allah domin zai sāke yabonsa, ka ga yana yi wa kansa wa'azi ke nan tun kafin sauƙi ya zo. Bulus da Sila ma a Filibi, bayan an yi musu bulala an sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suke addu'a suna waƙar yabo, sauran 'yan kurkuku suna saurare, kuma babu inda aka ce zafin bulalar ya daina kafin su fara.

Ga abin da zan ba ka ka yi. Yau da dare, bayan yara sun kwanta, ka zauna da mai ɗakinka ka buɗe mata lissafin nan duka, da bashin mai shago da kuɗin makaranta, ku yi addu'a a kansa da sunan kowane abu kamar yadda Filibiyawa 4:6 ta ce, da roƙo tare da godiya. Kowace safiya kafin ka taɓa waya ka karanta Zabura ɗaya da murya, ka bi su a jere kada ka tsallake masu kuka. Ka samu ɗaya daga cikin dattawan ikilisiyarku ka gaya masa halin da kake ciki, domin idan akwai asusun taimakon juna ko adashi a Zumuntar Maza, ta bakinsa za ka ji. Ranar da za a ci Jibin Ubangiji kuma kada ka ja da baya don kana ganin ba ka da murnar da ta isa, ka matso ka karɓa tare da 'yan'uwa. Bayan wata ɗaya ka dawo ka gaya mana yadda ake ciki, ka kuma gaishe mini da iyalinka.